Fuska ta Huɗu a Bangon Fili

Da aka ce za a zana fuskokin gwarazan kulob ɗinmu a sabon bangon fili, ban yi wata-wata ba na tafi wurin mai aski. Na ce ya rage furfurar gefe, ya daidaita gemu, tunda mai zane ba ya ƙara wa mutum abin da Allah bai ba shi ba. Da na dawo gida uwargida ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, yau kuma ina aka nufa da wannan gayu?"

Na ce a bango za a sa ni.

"To, Allah ya ba bangon haƙuri," in ji ta, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ni ɗan baya ne a zamanina. Birki ake ce mini, domin duk ɗan gaban da ya taho a guje a wurina yake tsayawa, wani ma sai an zo an ɗauke shi. Ban taɓa cin ƙwallo ba, in ka cire wadda na ci a ragarmu. Amma 'ya'yana da surukaina duk sun ji daga bakina cewa ba don ni ba, da kulob ɗin bai taɓa ɗaga kofi ba. Na yi ta faɗa har ni ma na gaskata. Yanzu in aka gama bango babu ni, ban san da wane ido zan zauna a falona ba.

Gurbi huɗu ne a bangon. Uku an cike su ba gardama: tsohon kocinmu, da Dogo mai tsaron gida, da wani ɗan gefe da muke kira Allura. Duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa kowa ya tuna alherinsu. Dogo da muke zagi kullum saboda ƙwallo na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, sai ga shi yanzu bai taɓa yin kuskure ba. Na huɗu aka ce na masu rai ne. Nan kowa ya fara gyaran murya.

Mun taru ranar Asabar a ɗakin canza kaya. Bencin nan ne dai, da ƙugiyoyin rataye riga, da warin man zafi da ya kama bango, da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Mu ne muka canza: kowa da tumbinsa, kowa sai ya dafa gwiwa kafin ya zauna. Tsohon kyaftin ɗinmu ne ya jagoranci zaman. Dokar ita ce ba mai ambatar kansa, don haka tun da wuri na shirya da Tela, mijin ƙanwata, wanda shi ma ya daɗe yana ɗumama benci a zamaninmu. Ya tashi ya ambaci sunana kamar mai sanar da rasuwa, ya zauna. Ba wanda ya ko yi tari.

Sai wani tsohon ɗan wasanmu da muke kira Direba ya miƙe ya ce, "Guguwa."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Guguwa shi ne ɗan gabanmu, kuma na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ni in sha duka a baya, shi ya taɓa ƙwallo sau ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa. Yanzu da sanda yake tafiya, gwiwa ta ci shi. Yana zaune kusa da ƙofa.

"Ku tuna ranar kofi," in ji Direba. "Ya yanke mutum uku, ya yanke gola, har ya tsaya ya gyara safa kafin ya tura ta raga!"

"Satar gida ce," na ce. "Mai tuta yana kallon wani wuri."

"Kai Birki, daga can baya ka hango?"

"Ai daga baya ake ganin gaskiya. Wa ya taɓa ganin Guguwa ya ba wani fasin? Wa ya taɓa ganin ya dawo ya taya mu tsaro? Matarsa ba ta wanke masa riga bayan wasa, ninkewa kawai take yi, don ba gumi a jiki."

Aka yi dariya, dariyar kuwa ta ƙara mini ƙarfi. Na ce rabin ƙwallayensa da gwiwa ya ci su ba da niyya ba. Na ce mutum ne da ya ci moriyar wahalar wasu. Na ce, na ce, har kumfa a baki. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa. Shi kuwa yana ta murza gwiwarsa, yana kallon siminti.

Mai kemis, wanda ya yi mana wasan tsakiya, ya ce, "Birki, kai fa jan katinka ya fi fasin ɗinka yawa."

Na ce jan kati shaidar aiki ce. Kyaftin ya buga benci ya ce ya isa, a yi zaɓe.

Zaɓe a kulob ɗinmu iri ɗaya ne tun zamanin Koci. 'Yan takara su tsaya su fuskanci bango, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, kuma ɗan takara ba ya waiwaye sai an busa usur. Koci ya ce haka ne ke hana mutum ya riƙe wani a zuci. Na tsaya a gaban ƙugiyoyi, hancina ya kusa taɓa bango. Guguwa ya tsaya can ɓangaren ƙofa.

Da farko shiru. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandar Guguwa. Na ce a raina, maganata ta shige shi, ya yi fushi zai fita. Ban gama wannan tunani ba na ji takalma suna jan ƙasa, duk suna nufo ni. Na ji numfashi a bayana. Na ji ana cewa, "Matsa mana." Na ce ashe mutanen nan sun san gaskiya, kunya ce ta hana su faɗa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Har na fara tunanin wane gefen fuskata zan ba mai zane.

Kyaftin ya busa usur. Na juya.

Layi ne tun daga bayana har bakin ƙofa, ba wanda ya rage a benci. Hawaye suka cika mini ido. Na ɗaga hannu biyu na ce, "'Yan'uwa, ban san me zan ce ba..."

"To kada ka ce komai," in ji Direba. "Dubi wanda ke gabanka."

Na share ido. Guguwa ne, ya dogara da sandarsa, shi ne na farko a layin.

"Mu fa ba bayanka muka bi ba," in ji mai kemis. "Mun ga Guguwa ya tsaya a nan, muka jeru a bayansa. Wa ya duba abin da ke gabansa?"

Haka suke tun a fili: duk inda Guguwa ya nufa, can suke bi, ba tambaya. Na leƙa ƙarshen layi na hango Tela. Na ce, "Kai dai ai ni ka bi ko?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa.

Hayaniya ta kaure, wasu na cewa a sake. Kyaftin ya ce, "Ba a sakewa. Layi na wanda ke gaba ne, haka Koci ya bar mana. Sai dai in Birki ya ce ya janye."

Duk suka zuba mini ido. Mai zuciya a nan zai ce ya janye. Na buɗe baki, na tuno falona da surukaina, na mayar na rufe.

Direba ya juya ga Guguwa. "Kai kuma me ya kai ka? Mutumin da ya gama wanke ka tas yanzu-yanzu?"

Guguwa ya gyara riƙon sandarsa. "Ni ko ba bango, an san ni," ya ce a hankali. "Shi kuwa in ba a zana shi ba, daga mu sai a manta da shi. Kuma duk ƙwallon da na zubar, shi yake zuwa ya ƙwato mini. Ban taɓa waiwayawa na ga wanda ke yi ba, amma na sani."

Ban san ko yabo aka yi mini ba ko mari, amma duka biyun sun same ni.

"Ka karɓa, Birki?" in ji Kyaftin.

Na ce na karɓa. Sannan na ce wa Guguwa na gode. Shekara da shekaru muna canza kaya a ɗakin nan ni da shi, ranar ce na fara gaya masa haka, kuma ko ita ban iya kallon idonsa ba.