Kalmar Sirrin Inna Rauda

Nu'uman ne ya tayar da maganar, kuma ba don neman fitina ba. Ya zo Daura hutu daga Kano, ya tarar da kwamfutar mahaifiyarsa, Hajiya Rauda, shugabar wata firamare a Sandamu, a buɗe tamkar zauren mai unguwa. Duk kalmomin sirrinta a ajiye suke cikin burauza, manhajar shiga intanet. Taubashinta Zailani har ya taɓa shiga shafinta ya yi cigiyar miji mai mota da sunanta, dangi suka sha dariya.

"Inna, ki sa babbar kalma guda ta kulle sauran," in ji Nu'uman. "Wadda ba za ki manta ba, kuma ba mai iya cinka."

Ta yi ƙorafin cewa kan tsohuwa ba rumbu ba ne, amma da ya fita ta zauna ta sa. Sunansa ta rubuta, haɗe da shekarar haihuwarsa. Ɗan fari ne, ita kuwa Bafillatana ce ta gaske. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "Yaron nan", ga shi da gemu da 'ya'ya biyu. Yanzu kullum da safe yatsunta na kiran sunan ba wanda ya ji, abin kuma yana mata daɗi.

Ranar ƙunshin bikin autarta Fadila asiri ya so tonuwa. An ɗaure mata hannuwa da ƙafafu cikin lalle, sai ga waya: yau za a rufe shafin rajistar jarrabawa, kuma sunayen ɗalibanta ba su gama shiga ba. Ba wanda ya iya aikin a gidan sai Wancan.

Ya ɗauko kwamfutar ya zauna gabanta. "Faɗa min kalmar, Inna."

Hajiya Rauda ta dubi rufin ɗaki. Mata cike da ɗakin, kowa ta kasa kunne. Ta wanke lallen? Bai kama ba, uwar amarya kuma ba ta fita da hannu fari fat.

"Sunan mutum ne," ta ce can ƙasa.

"Baba?" Ya gwada, ta ƙi buɗewa. Ya gwada Fadila, ya gwada Hafizu ƙanensa. Har Zailani ya gwada, ta harare shi.

"Inna, yaran mutane za su rasa jarrabawa fa."

Ta juyar da kai wajen bango, kamar da shi take magana. "Rubuta abin da liman ya raɗa ranar da aka yanka ragonka. Ka ƙara da shekarar."

Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Nu'uman ya rubuta a hankali, shafi ya buɗe. Ya daɗe yana kallon allon, idonsa ya kawo ruwa, don shi a zatonsa sunan nan ko a zuci ba ta riƙe shi ba.

Ya gyara murya. "Amma Inna, kalmar nan ba ta da ƙarfi. Kowa zai iya cinka. Bari in canza miki."

"Wa zai cinka? Duk Daura wa ya taɓa ji na faɗa?" Ta ɗaga dunƙulen hannunta mai lalle ta nuna shi. "Yi aikin da aka sa ka, Wancan. Kuma kada ka kuskura ka taɓa min ita."