Ɗumin Tsohon Ƙwan Lantarki

Yahanasu ba ta taɓa kiran sunan Maniru ba, don ɗan fari ne. "Wancan" take ce mashi, magana kuwa sai ta aike. Da mijinta ya rasu, Maniru ya ɗauko ta daga Barkiya zuwa gidansa na Dutsin-Ma. Abin da ta riƙo na marigayin shi ne ƙwan zabinsa da wata kaza mai kwanci. Kaza ta ƙyanƙyashe, ba a yi nisa ba muzuru ya yi gaba da ita, ga damina ta kankama.

Tsohuwa dai ba a raba ta da dabara. Ta lura ƙwan lantarkin ɗakinta yana da zafi, sai ta riƙa sassauto wayarsa bisa kwando, 'yan tsakin su dunƙule ƙarƙashinsa su yi barci.

To, Maniru mutum ne mai son ya kyauta wa uwa. A wannan shekarar ce dogon ƙwan nan mai farin haske ya shigo gari, kowa na yabonsa. Ya kira Tomas mai haɗa wuta, aka cire tsohon aka kafa sabon can jikin bango. Tomas ya yi ta kurantawa, wai tsohon rabin aikinsa dafa ɗaki ne, wannan kuwa wuta kaɗan yake ci, duk haske take zama, ko yini ya yi a kunne ka taɓa shi ba zai ƙone ka ba. Yahanasu ta aiko da godiya ta bakin Rakiya, matar Maniru.

Ina bakin da za ta ce wa ɗan fari kyautarsa ta yi mata ɓarna? Aka kwana ana ruwa, gari ya waye 'yan tsaki biyu sun sandare. Ta binne su bayan ɗaki, ta yi kukanta ba wanda ya ji.

Da yamma Maniru ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa kamar kullum. Ya hango ta zaune cikin hasken nan fes, ta rungume ƙirji, zanenta na motsi, ana jin kukan 'yan tsaki a ciki. Ya dubi kwando wayam, ya dubi sabon ƙwan, maganar Tomas ta faɗo mashi. Tausayi da kunya suka rufe shi.

Ya juya ya fita. Ya lalubo tsohon ƙwan, ya sa Tomas ya jawo mashi waya har bisa kwandon, dogon kuma aka bar shi yana haska ɗakin.

Yahanasu ta zaro su ɗaya bayan ɗaya tana ajewa. Ba ta waiwayo ba, ga 'yan tsakin ta yi maganar.

"Ku matsa ku ji ɗumi. Ai na faɗa maku, wancan tun yana goye yake da tausayi."

Maniru da furfurarsa bai taɓa jin yabo daga bakinta ba. Ya daɗe a bakin ƙofa yana neman takalminsa, alhali suna ƙafarsa.