Sunan da Hamida Ba Ta Faɗa Ba

"Umma, wai ni tsinto ni aka yi?"

Hamida ta saki muciyar da ke hannunta. Siddiqa, 'yar farinta mai shekara shida, tana tsaye a ƙofar madafi, ido ya yi jawur.

"Ke, wa ya gaya miki haka?"

"Malam ya karanto sunan yaran da za su shiga aji ɗaya, babu nawa. Yara suka ce ai dama ni 'yar tsintuwa ce."

Washegari da sassafe Hamida ta goya ƙaramar 'yarta, ta hau babur daga Tudun Kaya zuwa sakatariyar Karaye. Ranar Alhamis za a rufe ɗaukar yara, ga shi yau Talata.

Malam Nasidi mai rajistar haihuwa ya amsa gaisuwarta a tsanake, har da tambayar damina, sannan ya danna kwamfuta.

"Gidan Malam Badaruddeen ko? Yara biyu: Abba da Bahijja."

"Uku ne, Malam."

"Hajiya, biyu kika ce. Ga dangwalen yatsanki a takardar."

Ta tuna ranar, bara, da matan ƙaramar hukuma suka bi gida-gida suna ƙidayar yara don a san ajujuwa nawa za a gina. Surukarta na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Aka tambayi Hamida 'ya'yanta nawa. To, wace mace ce za ta buɗe baki gaban uwar miji ta ƙirga ɗan fari? Ko sunan yarinyar ba ta taɓa kira ba, sai dai "ke". Ta sunkuyar da kai ta ce biyu. Har surukar ta yaba mata kunya a wajen maƙwabta.

"Amma ai a Rogo aka haife ta," in ji Hamida da sauri. "Gida na je haihuwar fari, wajen mahaifiyata. Can sunanta yake."

Malam Nasidi ya buga wa abokin aikinsa na Rogo waya. Aka daɗe ana nema. Ya ajiye wayar yana girgiza kai.

"Babu. Mahaifiyarki ta ɗauka uban zai yi rajistar a nan, uban ya ɗauka an yi a can. A takarda dai, ba a haifi yarinyar nan ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yarinyar da na shayar shekara biyu?"

"Ba ke kaɗai ba ce." Ya juyo mata da wani dogon littafi. "Daga mazaɓarku kawai, tun makon jiya, uwa ta talatin da ɗaya ke nan. Duk 'yan fari. Da an san yawanku, aji biyu za a gina muku. Da adadin da kuka bayar aka yi lissafi, aka gina ɗaya. Kun ɓoye aji guda saboda kara."

Hamida ta dubi littafin. Ashe da bakinta ta rushe wa 'yarta aji.

"Yanzu ya za a yi, Malam?"

"Takardar shaida daga mai unguwa. Ki faɗi sunanta da bakinki gaban shaidu biyu. Kuma ki hanzarta, gurbi uku ya rage."

Da la'asar zauren mai unguwa Mijinyawa ya cika da dattawa. Shaida ɗaya mijinta Malam Badaruddeen, ɗaya kuwa ba wata ba ce, surukarta, don ita ta riƙe jaririyar ran suna.

Mai unguwa ya gyara tabarau, ya nuna Siddiqa. "To Hamida, wace ce wannan?"

Hamida ta dubi surukarta. Surukar ta yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ai ba a yi mata haka. Bari ni in faɗa."

"A'a, Inna," in ji Hamida. "Shirun ne ya kawo mu nan. Sunanta Siddiqa. 'Yata ce, ta fari. Ni na haife ta, ran Lahadi, a ɗakin uwata a Rogo."

Wani dattijo ya ce, "Iye, matan zamani!" Aka ɗan dara. Siddiqa ba ta yi dariya ba. Ta buɗe baki tana kallon uwarta.

"Umma, ashe kin san sunana?"

Wannan tambayar ta fi ta jiya ciwo. Hamida ta jawo ta ta rungume, gaban kowa.

Ran Laraba da hantsi sunan Siddiqa ya shiga, shi ne na ƙarshe. Maijidda maƙwabciyarsu ta iso bayan azahar da tata takardar, aka ce ɗanta sai baɗi.

Ke mai karatu, duk ranar da masu ƙidaya suka yi sallama a gidanki, ko surukarki na zaune, ko surukinki na zaure, ɗaga kai ki ƙirga 'ya'yanki kaf, ki fara da na fari. Wanda kika tsallake, babu mai ajiye masa benci.