Notin Tayar Gaba

"Ba zan mayar da shi ba, Alhaji," in ji Kato bakanike, notin yana tafin hannunsa. "Dubi zarensa, duk ya cinye. Sau uku ke nan ana kwance shi ana ɗaurawa. Shi fa ke riƙe da tayar gaba ɗaya."

Alhaji Gwadabe, mai gingimarin, ko kallon notin bai yi ba. Sabon noti sai an aika Kaduna, masara kuwa tun jiya take jira a Giwa.

"Kai bakanike ne ko mai wa'azi? Ɗaura mini abu, malam."

Salisu direba ne ya shiga tsakani. Shekara goma sha ɗaya suna ƙofa da ƙofa da Kato a Tudun Wada, shi ya ɗauki Judith, matar Kato, zuwa asibiti ranar haihuwarta ta fari. Ya dafa kafaɗar Kato.

"Maƙwabci, ɗaura kawai. Giwa ce fa, ba Legas ba. A hankali zan tafi. In na ƙi, gobe Alhaji zai ba wani makullin."

Kato ya ɗaura. Ya zura bututu a sifana, ya hau da ƙafa har notin ya ƙi gaba, yana ta zagin kansa a ciki.

A hanyar dawowa, da lodi a kanta, tayar ta fice. Motar ta kife a rami. Salisu ya kwana biyu a asibiti bai san wanda ke kansa ba, ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Kato ya raka gawa har maƙabarta, ya tsaya daga gefe. A wajen zaman makoki kuwa Alhaji ne a tabarmar gaba, yana jan carbi, duk wanda ya zo ya ce masa, "Kwanansa ne ya ƙare." Kato ya ji sau ɗaya, ya ji sau biyu, ya tashi ya bar wurin kada bakinsa ya kuɓuce.

Ranar sadakar uku aka jawo motar gareji. Da azahar sai ga Alhaji.

"Kwance mini notocin sauran tayoyin. Ɗayar motar tana bukata."

Kato ya ɗauko jak, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance, ya jera su a kan guntun ƙarfen layin dogo da yake bugun ƙarfe a kai. Sannan ya ɗaga guduma ya sauke a kan na farko.

"Kai! Ka haukace ne?"

"Na gaya maka, Alhaji! A gaban Salisu na gaya maka!" Ya sake sauke gudumar. "Allah ne ya ce a mayar da tsohon noti? Kai ka ce. Ni kuma na ɗaura, da hannun nan nawa."

Masu faci da masu walda suka taru, ba wanda ya riƙe shi. Sai da ya baje na ƙarshe ya jefar da gudumar.

"Kwashi kayanka. Kada motarka ta sake shigo mini nan."

Bayan la'asar ya zauna bakin famfo a ƙofar gida, yana goge giris ɗin hannunsa da yashi. A tsallake ana naɗe tabarmi, mahaifiyar Salisu ta sunkuya da guntuwar tsintsiya tana tara ƙwallayen dabino.