Ranar Rabon Guduma

Ni dai abin da na sani game da mota shi ne tana da taya huɗu, wannan ma ashe ba kowace ba. Amma ni aka aika in zaɓo kayan aikin da Baba zai ci gaba da ciyar da mu da su.

Baba da ƙanensa, Baffa, gareji ɗaya suke tun kafin a haife ni. Rumfar kwano ce a bayan gidanmu, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da mai, ga wani benci da aka tokare ƙafarsa da tsohon batir. Sai kawai suka daina magana da juna. Dalilin, yadda Umma ta faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa, wai Baba ne ya ɗaure wani noti, Baffa ya zo a gaban mai motar ya ɗora sifana a kai, ya ja, notin kuwa ya motsa. Na tsaya ina jiran sauran labarin. Umma ta ce babu saura.

"Noti fa, Umma?"

"Ke dai ba ki san maza ba. Koma ga littafinki."

Baffa ya kama shago a bakin titi, aka ce za a raba kaya. Baba ya ce shi ba zai durƙusa kan tamfol ɗaya da wanda ya raina hannunsa ba. To ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, su duka biyun Uwata suke kirana, shi ya sa abin ya faɗo kaina.

"Je ki zaɓo mini, Uwata," in ji Baba. Yana zaune a ƙofar gida, ya juya wa garejin baya.

"Baba, me zan zaɓa?"

"Abin da ake aiki da shi."

"Ai duka ana aiki da su."

"Yawwa, kin ga kin gane."

Ban gane ba. Na gyara tabarau, na tafi.

Akwai wata motar kaya a rumfar, an ɗaga gabanta a kan jak, an tokare da katako, an cire tayar hagu. Tun kafin rigimar ta yi tsami suka karɓi aikinta. Bol-join ɗinta ne ya ci. Na san shi a hoto, domin na taɓa karanta wani littafin gyaran mota da na tsinta a ƙarƙashin benci ranar da na rasa abin karantawa. Ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo, yana haɗa sandar sitiyari da hannun ƙarfen da ke juya taya. Ƙafarsa tana shiga wani rami a hannun ta matse, a ɗaure ta da noti daga ƙasa. In ya ci, sitiyari sai ya riƙa rawa.

Direban motar yana zaune a kan tayar da aka cire, yana fifita da hula. Bayan motar cike yake da kwandunan tumatir, rana tana dukan su.

"'Yar bakanike, ki gaya wa iyayenki," ya ce mini, "ni faɗansu ba ruwana. Wanda ya ciro mini ƙarfen nan kafin tumatir ɗina ya zama miya, shi ne bakanikena. Ni da duk direbobin tasharmu."

Baba ya riga ya ce shi zai gama aikin, shi kaɗai, da kasonsa. Wato da abin da zan zaɓa.

Baffa ya baje komai a kan tamfol: sifanu manya da ƙanana, filaya, sukundireba, da wasu ƙarafa da ban san ko kayan aiki ne ko kuwa abin da ya karye ne daga jikin wata mota ba. Ɗaya ni, ɗaya shi, har su ƙare.

"Fara, Uwata. Uwa ba ta bin baya."

Na duba, na sake dubawa. Akwai wani jan akwati mai ƙananan sifanu jere suna ƙyalli, kowanne da gurbinsa. Shi kaɗai ne ya yi kama da abin da mai hankali zai mallaka. Na ɗauka.

Baffa ya yi tari. Ya miƙa hannu ya jawo wata ƙatuwar guduma mummuna, an naɗe ƙotarta da robar taya. Har na ji daɗi a raina, na ce ya rage mini shara.

Sai na hango wani ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu. Shi na gani a littafin, an ce da shi ake raba bol-join. Na yi wuf na ɗauke kafin ya riga ni.

"Kin tabbata?" in ji Baffa.

Ban san ko tausayi ne ko wayo ba. A labaran da nake karantawa, mai wayo yana da alama, ko ya kanne ido ko ya shafa gemu. Baffa kuwa kunnensa kawai yake sosawa.

"Na tabbata," na ce.

Muka ci gaba. Can sai na ga yana turo wata doguwar sifana mai tsatsa da babban yatsan ƙafarsa, a hankali, har ta taɓa takalmina, shi kuwa yana kallon rufin kwano. In na ɗauka, wataƙila na faɗa tarko. In na bari, wataƙila na ƙi taimako. Na ɗauka don kunya kawai. A ƙarshe wata 'yar guduma ta rage, ta zama tamu.

Da Baba ya zo, ya daɗe a tsaye kan kasonmu. Ya buɗe jan akwatin, ya rufe.

"Na ƙananan motoci ne," ya ce, ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. "Ina Tsohuwa?"

Tsohuwa ita ce babbar gudumar. Ni ban taɓa sanin tana da suna ba. Tana can jingine da kayan Baffa, shi kuma yana ɗaure su da igiya yana jiran mai kura ya zo ya kwashe.

"Baba, na ɗauko mai yatsun. Littafin ya ce..."

"To. Allah ya yi miki albarka. Riƙe mini fitila."

Ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ni na tsuguna ina haska masa. Ya zare ɗan fin ɗin da ke riƙe notin da filaya. Ya gwada sifana ɗaya, ta yi kaɗan. Ya gwada wata, ita ma. Sai ya miƙa hannu ga mai tsatsar nan, ta zauna a kan notin daram. Ya dube ni.

"Wa ya ce ki ɗauki wannan?"

"Ni... ƙafata ce ta taɓa ta."

Ya danna, notin ya yi ƙara ya saki. Na ɗauka an gama, har na fara miƙewa. Ashe yanzu aka fara. An kwance noti, amma ƙafar bol-join ɗin ta ƙi fitowa daga raminta, kamar tare aka halicce su.

Baba ya soka mai yatsun nan tawa tsakanin ƙarafan. Bakinta ya yi ƙanƙanta, ba ta ko rungumi ƙafar ba. Ya buga ta da 'yar guduma, ta zame, ta yaga robar, baƙin giris ya fantsamo mini a tabarau. Ya ajiye ta gefe a hankali, kamar kada ta ji haushi.

Daga nan ya koma dukan gefen hannun ƙarfen, daidai inda ramin yake. Kowane bugu sai hannun ya yi tsalle ya dawo, ba abin da ya motsa. Zufa ta jiƙa masa riga. Direba ya leƙo.

"Maigida, ka ji wari? Tumatir ɗina ya fara gaishe ka."

"Yi haƙuri."

"Haƙurin ai na yi, shi ne bai iya ba." Ya juya wajen Baffa. "Kai ƙaramin, shagon naka da nisa?"

Baffa ya yi kamar igiyar da yake ɗaurewa ta fi komai muhimmanci a duniya.

"Baba," na yi raɗa, "me ya sa ba ya fita?"

"Dukan yana wucewa. Sai an tare bayansa da abu mai nauyi, ƙarfen ya matsu a tsakiya, sannan ya tofo shi."

"Abu mai nauyi kamar me?"

Ya ci gaba da bugu.

Ban san lokacin da na ajiye fitilar ba. Na je wajen kayan Baffa, na tsaya, na rasa yadda ake roƙon abin da aka raba ɗazu-ɗazu. Sai kawai na kama ƙotar Tsohuwa na ja. Ba ta ɗagu ba, sai jan ta na yi a ƙasa tana zana layi a cikin baƙin mai. Ina jiran Baffa ya ce ajiye. Bai ce ba.

Na cicciɓe ta da hannu biyu na kara a bayan ƙarfen. Baba ya dubi gudumar, ya dube ni. Ya buga sau ɗaya. Wani abu ya ratsa hannuwana har haƙora, gudumar ta suɓuce ta faɗi dab da ƙafata.

"Matsa, Uwata, kafin ki gurgunta kanki a ce ni ne."

Baffa ne a kaina. Ya ɗauki Tsohuwa da hannu ɗaya, ya durƙusa a ɗaya gefen. Ga Baba, ga Baffa, ga ƙarfe a tsakani, ni kuma a bayansu da fitila.

"Ki ce masa ya mayar da notin kaɗan," in ji Baffa, "kada abin ya faɗo wa mutum a fuska."

"Baba, wai ka mayar..."

"Ki ce masa na san aikina." Amma ya mayar.

"Baffa, wai ya san..."

"Na ji. Ki ce masa ya daina dukan gefe kamar mai tsoron ƙarfe."

"Ki ce masa ya riƙe da kyau, ba rawa aka kira shi ba."

Na rasa wanda zan fara gaya wa, kuma duk sun riga sun ji. Direba yana ta dariya. "Wannan waya taku ba ta da sabis!"

Baffa ya kara Tsohuwa ya danne da kafaɗa. Baba ya ja numfashi. Ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya dubi wani. Ya buga, ya sake bugawa, sai na ji ƙas! Ƙafar bol-join ɗin ta saki, ta zauna a kan notin.

"Shi ke nan?" na tambaya.

Ba wanda ya kula ni. Baba ya warware tsohon daga sandar, ya ɗaura sabon da Direba ya kawo, ya goge ramin da tsumma, ya zura ƙafar. Ya ɗora sifana mai tsatsa ya ɗaure notin, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi.

Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon notin. Ya miƙo mini sifanar ba tare da ya juyo ba.

"Miƙa masa ya duba."

Na karɓa da hannu biyu. Na ɗauka ban ji daidai ba, amma Baffa ya riga ya miƙo hannu. Ya ɗora ta a kan notin. Direba ma ya daina fifita. Baffa ya ja.

"Ki ce masa ya ɗauru."

Ni kuwa kamar na ga sifanar ta ɗan matsa. Kamar kuma ba ta matsa ba. Giris ɗin nan yana kan tabarauna har lokacin, komai dishi-dishi nake gani. Na dubi fuskar Baba ko zan gane, shi kuma yana ta ƙoƙarin zura fin a ramin notin.

Da aka mayar da taya aka sauke motar, Direba ya leƙo ta taga. "To yanzu wa zan ce wa mutanen tasha? Babban ko ƙaramin?"

"Tafi da tumatir ɗinka," suka ce, kusan tare. Kowannensu ya ɓata rai don ɗayan ya faɗa.

Mai kura ya zo, aka loda kayan Baffa. Sun kai bakin lungu na ga Tsohuwa kwance inda motar ta tashi. Na bi su da gudu.

"Baffa, ka manta gudumarka!"

"Tana da nauyi. Ki ce masa gobe zan zo in ɗauka."

Na dawo ina haki na faɗa wa Baba.

"Ki ce masa nan ba ɗakin ajiya ba ne."

Na juya zan koma, Baffa ya riga ya sha kwana. Da na waiwayo, Baba ya ɗauki Tsohuwa yana goge ta da gefen rigarsa. Ya jingine ta a gurbinta na da, kusa da benci, ya ajiye 'yar gudumarmu a gefenta.

Na shiga gida na tarar da Umma tana tankaɗe.

"Sun shirya?" ta tambaya.

"Ban sani ba, Umma."

"To notin fa, ya motsa?"

Na cire tabarau ina gogewa da bakin mayafi, giris ɗin sai ƙara bazuwa yake.