Likitan da Hajiya Adawiyya Ke Nema

Hajiya Adawiyya ba ta taɓa yarda da amsar farko ba. Ko fatawa ce, in malami ya ce a'a, sai ta ja mayafi ta nufi wani, har ta dace da mai cewa e. Don haka da likita a Azare ya hana ta sukari, 'yarta Murja kuma ta kulle gwangwanin a akwati, Hajiya ko a jikinta. Ai likita ɗaya ne ya faɗa. Gyambon da ya fito mata a babban yatsan ƙafa kuwa, wanda ya ƙi warkewa sati uku, ta lulluɓe shi da lalle da safa, ba wanda ya sani.

A motar Katagum ta ji labarin intanet: wai an buɗe shago kusa da tashar Azare, likitocin duniya kaf suna cikin kwamfuta. Ranar kasuwa sai ga ta a gaban mai shagon, wani dogo mai suna Gali.

"Nemo min likitan da ya yarda da sukari a fura."

"Hajiya, anya akwai shi?"

"Ka tambaye su duka ne?"

Gali ya danne dariya, ya hau latse-latse, yana karantawa yana fassara mata. Na Indiya ya hana. Hajiya ta ce a wuce. Na Masar ya hana, har ya taɓo dabino, ta ce wannan bai san azumi ba. Na Ingila ko sauraro bai samu ba.

"Me Bature ya sani a kan fura? Gaba!"

Shafi na gaba da hoto ya zo. Intanet ɗin lokacin tafiyar hawainiya yake, hoto daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan. Gwiwa ta fito, sai ƙwauri, mulmul da shi. Hajiya ta gyara zama.

"Yawwa! Ka ga mai shan sukari, dubi jiki."

Ƙwaurin ya sauko, ya ƙare a dunƙulen bandeji. Ƙarƙashinsa farin zanin gado kawai. Ta jira tafin ƙafar ya iso, shiru.

"Layin ne ya tsinke?"

Gali ya sunkuyar da kai. "A'a, Hajiya. Hoton ya gama fitowa. Sun ce da ɗan ciwo a yatsa ya fara."

Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun haihuwar fari. Yatsan nan ya yi mata zugi a cikin safa. Wannan karon ba ta ce a wuce ba.

"Kira min ɗan acaɓa."

"Tasha za a kai ki?"

"Asibiti." Ta miƙe tana ɗingishin da ta daɗe tana ɓoyewa, ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta nuna shi da yatsa. "Kuma in ka kuskura Murja ta ji cewa ita ce da gaskiya, ni da kai ne."