Watan da Muƙamuƙina Ya Yi Shiru

Ni ban taɓa buƙatar gwajin ciki ba. Muƙamuƙina ne ke ba ni labari, kuma kullum labarin ɗaya ne. Duk wata, gab da zuwan al'adata, sai gaɓar da ke gaban kunnena na hagu ta fara zogi, in buɗe baki ta ce ƙas. Da na ji haka na san wannan watan ma babu komai. Sai in shige bayan labulen shago in yi kukana, in wanke fuska, in koma kan aikina.

Kitso ne sana'ata, kuma rabin masu zuwa wurina yara ne. Uwa ta dire mini 'yarta ta wuce kasuwa, ni kuwa in cije kibiyar tsaga da haƙora, hannuwana biyu cikin gashi mai laushi, ƙeyar yarinya tana ɗumama mini gwiwa. Shekara da shekaru ina yi wa 'ya'yan mutane ado, ina son tawa har cikin ƙashina.

Maigidana ne ya gaji da ganina ina tauna da gefe ɗaya kamar akuya.

"Taurin kan naki ne ya gangaro haɓa," in ji shi. "Ɗauko mayafinki mu je asibiti."

Likitar haƙori ta danna gaban kunnena, saura kaɗan in kai mata mari. Ta ce akwai wani sinadari a jikin mace, istirojin, yana hawa yana sauka cikin wata, kuma idan ya faɗi gab da al'ada, gaɓar da ke da kumburi takan ƙara ciwo.

"Amma wani abu ne ke wahalar da gaɓar. Me kike yawan cizo?"

Na ce ban da haushi, sai kibiya. Sannan na tambaya, kamar wata ce ta aiko ni, "Masu ciki fa, likita?"

"Da yawansu sukan samu sauƙi, don nasu ba ya faɗuwa."

Wannan kaɗai na ɗauko daga bakinta. Sauran bayanin maigida ne ya riƙe. Shi ke miƙo mini robar da ake sa wa haƙora lokacin barci, shi ke gasa mini kunci da tawul mai ɗumi. Har igiya ya ɗaura wa kibiyar ya rataya mini a wuya, wai in ya sake ganinta a bakina shago zai rufe.

Sai ga wani wata ya zo, muƙamuƙi shiru. Na jira, shiru. Na yi hamma da gangan har hawaye, ko ƙas. Ban gaya wa kowa ba, amma na daina ɗaga bokitin ruwa, na fara tsayawa wurin mai sayar da 'yan kunnen jarirai. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta.

Al'adar ta zo da rana tsaka, ba sallama, ina tsakiyar kan wata yarinya. Haka na ƙarasa mata kitson, layin yana karkacewa.

Da muka koma asibiti likita ta ce, "Buɗe. Ƙara. Ma sha Allah, kumburin ya sauka, kin warke!"

A hanya maigida sai zuba yake, wai yau in zaɓi nama komai taurinsa. Na ja na tsaya a bakin titi.

"Murnar me kake yi? A da ciwon ne ke hana ni sa rai. Yanzu me zai hana ni?"

Ya kamo hannuna.

"Ni ai tun farko ba ni da mai gaya mini," ya ce. "Duk wata sai na sa rai har ƙarshe."